Maganin Ƙwari na Halitta: Saurin Kisa Ba Shi Ne Shaidar Inganci Ba

Tun lokacin da magungunan ƙwari na sinadari suka mamaye gonakin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wata fahimta ta zauna daram a zukatan masu noma, wato auna ingancin magani da saurin da yake kashe ƙwaro. Mutum zai yi feshi da safe, idan kafin rana ta take ya ga tsutsotsi sun zube ƙasa sai ya ce magani ya amsa sunansa, idan kuwa ya tarar da su manne da ganye sai ya ce an cuce shi. Wannan ma'auni ya yi amfani a zamaninsa, amma yanzu da magungunan da ake samarwa daga halittu suke ƙara shiga kasuwa, ya zama babbar ƙofar da masu jabu suke bi su shigo. Ra'ayina shi ne, wanda bai san yadda maganin halitta yake aiki ba ba zai taɓa iya bambance na gaske da na bogi ba, ko da an cika kwalbar da tambura da hatimai, domin shi da kansa zai riƙa yabon jabun yana kushe na ainihin.

Abin da ake kira maganin ƙwari na halitta ba abu ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ƙananan halittu ne masu sa wa ƙwaro cuta, kamar bakteriya da funfuna da bairos, akwai waɗanda ake tatsowa daga tsirrai, akwai kuma sinadaran ƙamshi irin waɗanda ƙwari suke kiran juna da su lokacin barbara, waɗanda ake sakawa a tarko ko a baza a gona don namiji ya kasa gano inda mace take. Kowane rukuni da halinsa, kuma haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya yana daga cikin abubuwan da suke rikitar da masu saye.

Wanda ya fi kowanne shahara shi ne bakteriyar nan Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Wani masanin Japan, Shigetane Ishiwata, ne ya fara gano ta a 1901 yayin da yake binciken cutar da take kashe tsutsar siliki, sannan Ernst Berliner ya sake gano ta a 1911 a yankin Turingiya na Jamus, inda ta samo sunanta, kuma a 1938 aka fara sayar da ita a Faransa. Yadda take kisa shi ne abin lura. Bakteriyar tana ƙera wasu ƙananan ƙwayoyin furotin waɗanda ba sa yin komai sai tsutsa ta haɗiye su. A cikin hanjinta suke narkewa, su manne wa bangon hanjin su huda shi. Cikin 'yan sa'o'i tsutsar takan daina cin ganye, amma ba ta mutuwa nan take, sai bayan kwana biyu ko uku jikinta ya saki ya yi duhu. Ke nan ɓarnar ta tsaya tun ranar farko, alhali mai gona yana ganin tsutsa da rai yana zaton an sayar masa da ruwa. Wani abin kuma shi ne kowane nau'in Bt da irin ƙwarin da yake kamawa: nau'in kurstaki na tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsu ne, nau'in israelensis kuwa, wanda aka gano a 1976, na tsutsar sauro ne da ta baƙin ƙudan da yake yaɗa cutar makantar kogi, kuma an yi amfani da shi sosai a shirin yaƙi da wannan cuta a kogunan Afirka ta Yamma. Wanda ya fesa Bt a kan darɓa ko farin ƙuda ya yi asarar kuɗinsa, kuma ba laifin maganin ba ne.

Funfuna kuwa ba ta buƙatar a haɗiye ta. Ƙwayar irinta takan sauka a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda fatarsa ta shiga ciki ta yi ta yaɗuwa har ta kashe shi, abin da kan ɗauki kwanaki da dama. Tun a 1835 Agostino Bassi na Italiya ya nuna cewa funfuna ce take kashe tsutsar siliki, shi ya sa aka sa wa wannan funfuna, Beauveria bassiana, sunansa. 'Yar'uwarta Metarhizium ita ce aka yi aiki a kanta a shirin binciken yaƙi da fara mai suna LUBILOSA da aka fara a 1989 bayan annobar farin ɗangon da ta auka wa Afirka a shekarun 1980, wanda ya haifar da maganin Green Muscle, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da irin wannan funfuna a Somaliya lokacin annobar farin ɗango ta 2020. Fara takan yi mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye, kafin ta mutu, sai dai maganin ba ya taɓa tsuntsaye da dabbobin kiwo da ƙudan zuma yadda gubar sinadari take yi, kuma wannan ne ya sa aka zaɓe shi a wuraren da makiyaya suke. Bairos ma haka yake da jinkiri, kuma ya fi kowa tsantseni wajen zaɓen wanda zai kama, don sau da yawa nau'in tsutsa ɗaya kacal yake kashewa. Darbejiya, wadda sinadarinta mai suna azadiraktin aka ware shi a 1968, ita ma ba kisan nan take take yi ba; tana hana ƙwaro cin abinci, tana kuma hana shi saɓar fata ya girma, har ya ƙare a hankali.

Ya kamata a faɗi wata gaskiya a nan, domin masu tallar waɗannan magunguna ba su cika son faɗinta ba: kasancewar abu daga halitta ba ya nufin ba shi da illa. Fairetrin da ake samu daga wani fure yana kashe kifi da ƙudan zuma, rotenon da ake tatsowa daga saiwoyin wasu tsirrai guba ne ga kifi har ƙasashe da dama suka janye shi daga gonaki, sannan sifinosad, wanda ake samu daga wata bakteriyar ƙasa, yana cutar da ƙudan zuma muddin feshin bai bushe ba. Haka nan ƙwari suna iya sabawa da maganin halitta kamar yadda suke sabawa da na sinadari, kuma tun wajen 1990 aka tabbatar da cewa wata tsutsar kabeji ta daina jin Bt a gonakin Hawai saboda yawan fesa shi ba hutu. Duk kwalbar da aka rubuta mata cewa ba ta da wata illa ko kaɗan, ko tana kashe kowane irin ƙwaro, ta riga ta faɗi abin da maganin gaske ba zai faɗa ba.

Jabun maganin ƙwari ba matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai ba. Ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Tarayyar Turai ya ƙiyasta a 2017 cewa jabun magungunan ƙwari suna jawo wa halastattun kamfanoni asarar kimanin Yuro biliyan 1.3 a kowace shekara, wato kusan kashi 14 cikin ɗari na cinikinsu, kuma a samamen da hukumar 'yan sandan Turai ta jagoranta a 2020 an kama tan 1,346 na haramtattun magunguna. Idan haka abin yake a inda ake da jami'an kwastan da ɗakunan gwaje-gwaje wadatattu, mai hankali zai iya ƙiyasta yadda yake a inda babu su. Maganin halitta kuma ya fi na sinadari sauƙin yi wa algus, saboda garin da ke ɗauke da ƙwayoyin funfuna biliyoyi masu rai da garin da babu komai a cikinsa kamanninsu ɗaya ne a ido, kuma mai saye ya riga ya ji cewa aikin yana ɗaukar lokaci, don haka kafin ya gane an yaudare shi damina ta yi nisa.

A ganina matsalar tana zuwa ta fuska uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce fankon magani, wato gari ko ruwa mai launi da aka ɗura a kwalba aka manna masa sunan wani kamfani, ko kuma na gaske da aka tsarma shi har ya rasa ƙarfi. Ta biyu ita ce maganin da ya fito daga masana'anta lafiya lau amma ya mutu a hanya, domin abu mai rai ba ya jure zafin kwantena da na shagon kwano, kuma ƙwayoyin funfunar da aka ajiye a rana wata da watanni gawa ce kawai ake sayarwa, ko da ranar ƙarewar wa'adin da ke jikin kwalbar ba ta zo ba. Wannan ba jabu ba ne a shari'ance, amma ga mai gona sakamakon ɗaya ne.

Ta ukun ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba, wato kura da fatar akuya: maganin da aka rubuta masa "na halitta" amma aka zuba masa gubar sinadari a ɓoye don ya yi kisan nan take. Mai wannan algus ya san abin da kasuwa take so. Ya san cewa idan manomi ya ga ƙwari suna faɗuwa cikin rabin sa'a zai dawo ya sake saye, ya kuma gaya wa maƙwabtansa cewa ya samo maganin tsirrai mai ƙarfi, shi kuwa mai sayar da Bt na gaskiya za a ce kayansa ba su da kyau. Abin ya faru har a Amurka, inda a 2016 hukumar aikin gona ta jihar Oregon ta dakatar da sayar da wani maganin feshi da aka tallata a matsayin haɗin man tsirrai, bayan gwaji ya nuna yana ɗauke da gubar kashe ƙwari mai suna abamektin wadda ba a ambata a takardarsa ba. Illar irin wannan ta wuce asarar kuɗi. Mai feshi zai shiga gona ba safar hannu ba takunkumi saboda ya amince cewa babu guba, zai girbe amfanin gona washegari ba tare da jiran kwanakin da ake jira bayan feshin sinadari ba, ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye miyagun ƙwari za su mutu, mai noman da ba a sa wa sinadari zai iya rasa takardar shaidarsa, sannan kayan da aka fitar waje za a iya dawo da su daga tashar jiragen ruwa saboda ragowar guba. Mafi muni kuma, idan wani ya sha ko ya shaƙa aka kai shi asibiti, likita zai duba takardar kwalbar ya yi magani bisa ƙarya.

To ta yaya mai saye zai kare kansa? Wurin farawa shi ne takardar da ke jikin kwalbar, kuma karanta ta yana buƙatar a san abin da ake nema. Maganin ƙananan halittu na gaskiya yakan faɗi cikakken sunan halittar a kimiyyance, ba "ƙwayoyi masu amfani" ko "sirrin tsirrai" kawai ba, kuma yawanci yakan ƙara da lambar nau'in, kamar GHA a wasu kayan Beauveria ko T-22 a wasu kayan funfunar Trichoderma, domin nau'i biyu na halitta ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen aiki. Yakan faɗi adadin ƙwayoyi masu rai a kowane giram ko mililita, wanda ake rubutawa da haruffan CFU, ko ƙarfin maganin da haruffan IU idan Bt ne, ko yawan azadiraktin idan na darbejiya ne. Yakan lissafa ƙwarin da yake kamawa da amfanin gonar da aka amince a fesa masa, da yanayin zafin da za a ajiye shi, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar sarrafawa da ta ƙarewar wa'adi, da suna da adireshin kamfanin da na wanda ya shigo da shi. Wa'adin maganin funfuna ba ya yin tsawo sosai, don haka idan aka ga an ba shi shekaru masu yawa ba tare da wani sharaɗin ajiya ba, akwai abin tambaya. Sai kuma lambar rajistar hukumar ƙasa, kamar EPA a Amurka, ko NAFDAC a Nijeriya, ko PCPB a Kenya, ko kwamitin bai ɗaya na ƙasashen Sahel. Ganin lambar kawai bai isa ba, saboda buga lamba ba wuya. Abin da ya dace shi ne a duba ta a jerin da hukumar take wallafawa, a tabbatar cewa sunan maganin da na kamfanin su ne suke ƙarƙashin wannan lamba, don masu jabu sukan ari lambar wani magani daban su manna.

Kwalbar ita kanta tana magana: murfin da aka taɓa buɗewa, hatimin da aka sake liƙawa da gam, takardar da ta karkace ko rubutunta ya dushe, ranar wa'adi da aka kankare aka sake bugawa, garin da ya dunƙule saboda danshi, da kwalbar da ta kumbura. Idan takarda ta ce Bt ko funfuna ce a ciki amma aka buɗe aka ji warin kananzir ko na gubar feshi ya bugi hanci, a mayar da murfin a ajiye. Sai dai ba na son a dogara da waɗannan alamu fiye da kima, domin masu jabu na yanzu suna da injinan buga takarda masu kyau, suna kwaikwayon tambarin ƙyalli da lambobin da ake dubawa da waya, har wasu sukan sayi kwalaben gaske da aka yi amfani da su su sake cika su, wanda shi ne dalilin da ya sa ake cewa a huda kwalba bayan an gama da ita. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne asalin kaya. Dillalin da zai iya faɗin wurin da ya saro, ya ba da rasit mai ɗauke da lambar rukuni, ya kuma ajiye kayansa a inuwa ko a firiji idan takarda ta ce haka, ya fi wanda yake auna magani daga jarka zuwa kwalbar da ba ta da suna, komai arahar da zai yi. Araha ba ta ado, kuma a wannan fanni rangwamen da ya wuce hankali yakan nuna cewa an rage wani abu a ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin ya fesa wa gona gaba ɗaya. A samo ƙananan tsutsotsi irin waɗanda maganin ya ce yana kamawa, a raba su gida biyu a cikin mazubai masu shigar iska, a ba kashi ɗaya ganyen da aka fesa wa maganin bisa ƙa'idar takarda, ɗayan kuma ganyen da aka yayyafa wa ruwa kawai, a ajiye a inuwa ana dubawa kullum. Idan Bt ne na gaske, washegari za a ga ganyen kashin farko kusan yadda aka sa shi, ɗayan kuma an ci shi ya yi huji-huji, sannan mutuwa ta biyo baya a rana ta biyu ko ta uku. Idan funfuna ce, a ɗauki ƙwarin da suka mutu a sa su a kan takarda mai danshi a rufe. Bayan 'yan kwanaki gawar za ta yi tauri, farin gari kamar auduga ya fito daga gaɓoɓinta idan Beauveria ce, ko kore idan Metarhizium ce. Tsutsar da bairos ya kashe kuwa takan hau saman ganye ta rataye, jikinta ya zama ruwa, da an taɓa ta ta fashe. Idan mako ya wuce kashi biyun suna cin ganyensu daidai wa daida, maganin fanko ne ko matacce. Idan kuwa cikin mintuna tsutsotsin suka fara murɗewa suna karkarwa suna mutuwa, alhali takarda ta ce bakteriya ko funfuna ko darbejiya ce, to akwai abin da aka zuba wanda ba a faɗa ba. Fairetrin da sabulun feshi da wasu mayukan tsirrai suna aiki da sauri bisa ɗabi'arsu, don haka wannan hukunci bai shafe su ba.

Adalci kuma ya sa a ce ba duk maganin da ya ƙi aiki ne jabu ba. Hasken rana yana lalata Bt da bairos da azadiraktin cikin ƙanƙanin lokaci, shi ya sa ake fesa su da yamma. Tsutsar da ta girma ko ta shige cikin kara ba ta jin Bt kamar ƙarama, funfuna tana son danshi, kuma wanda ya zuba ta a injin feshin da bai wanke ba bayan sinadarin kashe funfuna ya kashe ta tun kafin ta bar tanki. Wanda bai kiyaye waɗannan ba ya ɗora laifi a kan dillali bai yi daidai ba, kuma irin wannan ƙorafi yana ba masu jabu mafaka, don idan ƙorafin gaskiya ya zo sai a ce ai manomi ne bai iya feshi ba.

Duk da haka, ban yarda a ɗora wa mai saye nauyin gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu hukumomi da kamfanoni suke yi idan suka buga takardun faɗakarwa suka ga sun sauke farali. Babu idon da zai ƙirga ƙwayoyi masu rai a cikin gari, babu kuma hancin da zai gano ɗan digon gubar da aka ɓoye a cikin man tsirrai. Wannan aikin ɗakin gwaji ne. Matsalar ita ce dokokin ƙasashe da yawa an tsara su ne don sinadarai, ɗakunan gwajinsu ma haka, sun iya auna yawan guba amma ba su da kayan rainon bakteriya da funfuna don a ga ko suna da rai. Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da jagora na musamman a 2017 kan rajistar irin waɗannan magunguna, kuma ƙasar da ba ta daidaita dokarta da shi ba tana cutar da kanta sau biyu: ƙaramin kamfani mai gaskiya zai kasa biyan kuɗin rajistar da aka yanka don manyan kamfanonin sinadari, shi kuwa mai algus zai canza wa kayansa suna ya kira su "abincin tsiro" ko "mai ƙarfafa shuka" ya zagaye rajistar baki ɗaya. Wannan kafa ce ya kamata a fara toshewa, ta hanyar wajabta cewa duk abin da ya yi iƙirarin kashe ƙwaro ko korarsa, ko da wane suna ya zo, a gwada shi a nemi gubar sinadari a cikinsa.

Gwajin kuma kada ya tsaya a kan samfurin da kamfani ya kawo da hannunsa ranar neman rajista, domin kowa ya san wannan shi ne mafi kyawun abin da yake da shi. Jami'ai su riƙa saye daga kan kanta a tsakiyar lokacin zafi kamar kowane mai saye, su gwada, su wallafa sakamakon da sunan magani da lambar rukuni a inda malaman gona da ƙungiyoyin manoma za su gani. Kamfanoni su ma su fitar da ƙananan ƙunshi daidai da bukatar mai ƙaramar gona, saboda rashin su ne yake sa dillalai suna fasa babbar jarka suna aunawa, kuma a wajen aunawar nan ake tsarmawa. Sannan a sanya sharaɗin wurin ajiya mai sanyi cikin lasisin duk wanda zai sayar da magani mai rai, a kuma janye lasisin idan aka tarar da kayan a rana.